Yadda Aka Auna Rafin Kuka da Kwali

Tun da na dawo daga China ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a layin asibiti, har a gidan gaisuwa sai wata ta matso ta ce, "Hajiya Asabe, wai da gaske suna cin kwaɗo?" Wata kuma ta leƙa shagona ta ce ina kayan, ke da kika je har Guangzhou sarin mayafai? Bakina ya gaji da maimaitawa, kuma duk sa'ad da na maimaita sai raina ya sake ɓaci. To yau zan zazzage labarin gaba ɗaya, kowa ta ji da kunnenta ta ƙyale ni.

Ni 'yar Rafin Kuka ce, wani ɗan ƙauye a bakin daji. Aure ne ya kawo ni Kano, na kama ɗan shagon mayafai da abaya a Kwari. Ƙanena Lawal yana can gida yana noma. Gonakinmu masu kyau duk a tsallaken rafi suke, kuma a 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun mai da tsallaken nan nasu. Da abin ya ishi mutane, garuruwa biyar da ke kan hanyar suka ƙulla ƙawance, 'yan sa-kansu su haɗu su riƙa sintiri tare. Babba a cikinsu shi ne Dogon Marke, mai kasuwa da gidan mai. Ƙarami kuwa mu ne, kuma mu ne a bakin wutar.

Aka yi yarjejeniya cewa kowane gari zai ba da gwargwadon ƙarfinsa. Ba makami ake nema ba, wannan na hukuma ne. Oba-oba ake so, wato rediyon hannu na magana da juna, da tocila, da takalman shiga daji, da rigunan ruwa. Da yake kayan sun fi araha a China, kuma kowane gari yana da ɗan kasuwa mai zuwa can, sai aka ce kowa ya sayo kason garinsu ya ba shi fili a cikin kwantenarsa. In kaya sun iso, sannan a zauna a yanke inda sintirin zai kafa sansani.

Rafin Kuka ba ta da wani ɗan kasuwa sai ni, ni ɗin ma ban taɓa wuce Kwatano ba. Aka sayar da awaki, mata suka fasa adashi, Lawal ya kawo min kuɗin har shago.

"Yaya," ya ce, "in an ajiye sintiri a mashigin rafi, za mu girbe dawar tsallake. In ba a ajiye ba, sai dai tsuntsu ya ci."

Na bi Hajiya Rabi, maƙwabciyata a kasuwa, wadda zuwa China ya zame mata kamar zuwa Wudil. Muka tashi daga Kano muka sauka a Addis Ababa, muka yi zaman jiran da ya sa ƙafafuna suka kumbura, sannan muka shiga wani jirgin da na ɗauka ba zai taɓa sauka ba. Na yi barci na farka, na yi salla a zaune, na sake barci, har yanzu muna sama. Hajiya Rabi kuwa ta rufe fuska da mayafi tana ta minsharinta hankali kwance.

A filin jirgin Guangzhou aka ɗauki hoton yatsuna goma, jami'in ya dubi fasfo ya dube ni ya sake duban fasfo, kamar ni na ce a ɗauke ni hoton da ban yi kyau ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Wajen kwastan wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe. Suka ɗaga butata suna juyawa, suka shinshina daddawa, wata jami'a ta ja da baya tana toshe hanci. Kilishin da na ƙulle da kyau don guzuri shi suka ɗauke, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce wa Hajiya Rabi ta gaya musu ai ya bushe, ya daina zama nama. Ta ce, "Ke dai yi shiru mu wuce, tun ba su haɗa da kukar ba."

Masaukinmu a Sanyuanli yake, unguwar 'yan saro, wani ɗaki a hawa na sama wanda in kin miƙa hannu za ki taɓa bangon maƙwabta ta taga. Gadon kamar dakali. Na nemi ruwan sanyi aka miƙo min ruwan zafi a kofi, na mayar, aka sake kawo wani mai zafin. Ashe su haka suke sha, ko ana rana mai fasa kai. Kuɗin hannu kuwa in kin miƙa wa mai shago sai ya tsaya yana kallonki, kowa da waya yake biya, har mai gasa dankali a bakin titi. Abinci sai mun nemi shagon da ke da koren allo da rubutun Larabci, na Musulminsu masu farar hula, su ja taliya da hannu a gabanki su zuba romo. Tsinkayen nan biyu da suke ci da su sun gagare ni, na yi ta kokawa taliya tana zamewa, har matar mai shagon ta ji tausayina ta kawo cokali mai yatsu.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba abinci ba ne. Na ga tsohuwa ita kaɗai da jakarta a jirgin ƙarƙashin ƙasa tana gyangyaɗi. Na ga an sauke kaya a bakin titi an tafi an bar su babu mai gadi. Kyamara ko'ina, a kan kowane sanda, har abin ya riƙa damuna, kuma Hajiya Rabi ta ce kada in kuskura in fita ba fasfo a jikina, don ana iya tare baƙar fata a tambaya. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Duk da haka na tuna innata da ba ta iya zuwa ɗebo itace bayan gari.

Washegari muka yi sammako zuwa Shisanhang, layin tufafi. Ban taɓa ganin cunkoso irinsa ba, kuma ni 'yar Kwari ce. Masu tura kaya ba sa cewa gafara, sai dai ki ji ƙarfe a agararki. Ciniki da kalkuleta ake yi: mai shago ta danna, ki girgiza kai ki goge ki danna naki, ta dafe ƙirji kamar kin zage ta. Kalma uku na koya. Nihaw, wato sannu. Lawban, wato mai gida ko uwar ɗaki. Sai meyo, wato babu, wadda ita na fi ji, musamman in na nemi ragi. Na sari mayafai masu kyau ƙwarai, irin da na san kafin Salla za su tashi a Kano. Ƙarfina gaba ɗaya a kwantenar haɗaka da muka kama da Hajiya Rabi da wasu mata fili ne na kwali shida. Na ware biyu don kayan Rafin Kuka, huɗu nawa.

Tafintanmu wani mutumin Maraɗi ne, Malam Isufu, magidanci da furfura a gemu. Malamin makaranta ne a gida, ya zo karatun tattalin arziki a jami'a a nan, yana tafinta don ya aika wa iyali. Shi ya kai ni kasuwar kayan lantarki wajen oba-oba. Mai shagon ya tambayi yadda ƙasarmu take, na ce daji ne da tudu. Ya girgiza kai ya yi dogon bayani. Malam Isufu ya juyo ya ce, "Hajiya, ya ce waɗannan ƙanana ba su iya ƙetare tudu su kaɗai. Sai an sai uwarsu, wani akwati da dogon eriya da hwaifan sola. Ita ka kama murya ta jehwa ta nesa. In babu ita, ku yi ta kira ba mai jin ku." Tun daga nan na sa mata suna uwar oba-oba. Ita da kayanta sun kai cin kwali uku, kuma kuɗinta ba na ƙauye ɗaya ba ne.

Da azahar ya kai mu wani gida inda wata mata 'yar Gana take tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a ɓoye a hawa na bakwai. Na ci har na ji hawaye. Akwai talabijin a bango, ana nuna shugabannin Turawa jere da tutoci, fuska a murtuke. Na ce wa Malam Isufu waɗannan kuma wa ya mutu?

Ya yi dariya ya ce ba wanda ya mutu, rigimar kuɗin soja ce, kuma a kanta yake rubutun karatunsa. Ya ce ƙasashen nan sun yi ƙawance, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. To Amurka, babbarsu, kullum tana ƙorafi ita ke kashe kuɗi mafi yawa, sauran sun laɓe a bayanta. Shi ya sa ba a duba yawan kuɗin kawai, sai a duba kaso nawa kowace ƙasa ta cire daga dukan abin da take samarwa a shekara.

"Kamar zakka ke nan," na ce. "Mai dami goma ya fid da ɗaya, mai dami ɗari ya fid da goma."

"Wala! Kin gane. Kuma in aka auna haka, sai ki iske wasu ƙananan ƙasashe da ke bakin iyakar Rasha sun kere manya da yawa. Wanda ke kwana kusa da kura ba ya jiran a ce mishi ya gyara shinge."

Ya ƙara da cewa akwai wayo ma a ciki. Wata ƙasar in an matsa mata ta cika kasonta, sai ta kwaso abubuwan da dama za ta yi wa kanta, hanya ko fanshon tsofaffin ma'aikata, ta ce ai duk tsaro ne. Na yi dariya na ce Turawa ma ashe akwai 'yan damfara. Da na san abin da ke jirana da ban yi dariyar ba.

Ranar Juma'a muka je Masallacin Huaisheng. Tsohon masallaci ne ƙwarai, da wata hasumiya fara mai kama da taɓarya, rufinsa kuma irin na gidajensu mai lanƙwasa. A ɓangaren mata na yi sahu tsakanin wata 'yar China da wata Balarabiya, ba mai jin yaren wata, amma da liman ya kabbara duk muka san abin yi. A ƙofar masallaci kuwa Hausa ce ke tashi ta ko'ina, ta Kano, ta Damagaram, ta Kumasi, kai ka ce Fagge.

Bayan salla wakilan garuruwa biyar muka haɗu a wani gidan abinci na kusa. Alhaji Bashari na Dogon Marke shi ne uban taro. Mutum ne da ke loda kwantena uku shi kaɗai a kowace tafiya, tayil da babura da kayan gini, kuma shi ne mai gidan man garinsu da babban sito a bakin kasuwa. Ya gyara babbar riga ya ce shi ya ba da filin kwali goma don tsaro, kuma uwar oba-oba a haɗa kuɗinta, shi zai ɗauke ta a cikin goman nan. Wuri ya ɗauki "Allah ya ƙara arziki, Alhaji." Sauran suka faɗi nasu, wannan huɗu, wancan biyar. Aka zo kaina na ce biyu.

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "To madalla, Hajiya. Ko ba komai an sa albarka."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min barkono. Na ce, "Ranka ya daɗe, biyu cikin shida na bayar. Kai goma cikin nawa? Kwantena ɗaya kwali nawa take ci, balle uku? In da gwargwadon ƙarfi aka ce, kamar yadda aka yi alkawari a gida, ni na fid da dami ɗaya cikin uku. Kai ko zangarniya ba ka zara ba."

Hajiya Rabi tana ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Alhaji bai ko ɗaga murya ba.

"Hajiya, ɓarawon daji ba ya tsoron lissafi. In ya leƙo, tocila goma yake gani ko biyu. Ba zai tsaya ya ce Allah sarki, ai waɗannan biyun da zuciya ɗaya aka saye su ba."

Aka yi dariya. Na juya wajen Malam Isufu in ji ya kama min, sai ya sosa gemu ya ce gaskiya kowa na da tasa. Kaso yana nuna wanda ya matse kansa, yawa kuma yana nuna abin da zai isa fagen fama, kuma manyan ƙasashe ma a nan suke ta kai ruwa rana. Na harare shi. Ban biya shi kuɗin tafinta don ya zama alƙali ba. Amma ko da nake fushi na san maganar Alhaji ba ƙarya ba ce tsantsa, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Aka haɗa kuɗin uwar oba-oba, ni da Malam Isufu muka sayo ta, aka kai sito inda ake loda kwantena. Siton yana can bayan gari, wani makeken rumfar kwano cike da kwalaye har sama, kowanne da sunan mai shi da baƙin alƙalami: Kano, Legas, Yamai, Kwatano. A nan fili shi ne kuɗi. Akwai wata lawban, gajeriyar mace mai tabarau, da tef ɗin awo rataye a wuya. Ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta auna tsayi, abin da tef ya ce shi ke nan, ko uwarki ce ba ragi.

Ranar da za a rufe kwantenoni muka je in ga nawa sun shiga. Ina shiga na hango uwar oba-oba a gefe, ita da eriyarta da faifan sola, an jingine su a bango kamar marayu. Na ce Malam Isufu ya tambaya. Lawban ta nuna kwalayen Alhaji guda goma da aka rubuta wa TSARO da manyan baƙaƙe, ta ce, "Meyo." Babu fili. Goman sun cika.

Na ce cika da me? Na ƙarasa na duba. Ba sai an buɗe ba, hoton abin da ke ciki yana jikin kwalin. Biyu ne kawai na tocila da takalma. Sauran kyamarori ne irin na jikin gini, da waya mai ƙaya a nannaɗe, da manyan fitilu masu haska fili. Ni dai ban taɓa ganin ɗan sa-kai yana sintiri a daji da kyamarar bango a kafaɗa ba.

Alhaji yana can ƙarshen siton yana kallon ana loda tayil. Na same shi. Ban gaishe shi ba, Allah ya yafe min.

"Alhaji, wayar ƙayan nan wane daji za a kewaye da ita?"

"Sito da gidan mai, Hajiya. In aka ƙona gidan man nan, da me baburan sintiri za su yi tafiya? In aka fasa kasuwa, ina mutanen Rafin Kuka za su sayar da dawarsu? Tsaron Dogon Marke tsaron kowa ne."

"To uwar oba-oba fa, da ka ce a gaban jama'a za ka ɗauka?"

"Ta biyo tafiya ta gaba, in Allah ya kai mu. Ba gudu take ba."

Tafiyarsa ta gaba sai bayan Salla, jirgin ruwa kuma ya yi nasa watannin. Kafin nan dawar tsallake ta daɗe da zubewa. Na gaya masa haka, ya ce komai nufin Allah ne, wayarsa ta yi ƙara ya juya min baya. Na ce masa tayil ɗin banɗaki ya samu fili amma muryar mutane ba ta samu ba. Ban sani ba ko ya ji.

Na dawo na tsaya a gaban kwalayena huɗu. Hajiya Rabi ta gane abin da nake shirin yi tun kafin in buɗe baki.

"Asabe, kada ki yi haukan nan. Jarinki ne fa. Kasuwar Salla ce. Garuruwa biyar ne suka haɗa kuɗin abin nan, me ya sa ke kaɗai za ki ɗauka?"

Na ce wakilan sauran garuruwa ukun suna ina? Aka neme su a waya. Wannan ya ce kwantenarsa ta riga ta rufe, wancan ya ce ai garinsu a kan kwalta yake, ƙananan oba-oba ma sun ishe su. Gaskiya suka faɗa. Duk cikin garuruwan nan mu kaɗai ne tudu ya raba da sauran. Uwar oba-oba ta kowa ce a baki, amma mu ne za mu mutu in babu ita.

Na ce wa lawban ta fid da kwali uku na mayafai. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wani abu. Malam Isufu ya ce tana tambaya ko na tabbata. Na ce ta auna kawai. Ta ja tef, akwatin ya shiga, faifan ya shiga, eriyar ta so ta gagara sai da aka kwance ta gida biyu. Mayafan nan wani ɗan Kumasi ya saye su a nan take a wulaƙance, don ya ga ba ni da yadda zan yi. Ina tsaye ina kallo yana ɗaga mai ruwan zuman nan da na fi so, yana cewa ba laifi.

A hanyar komawa masauki Malam Isufu ya ce, "Hajiya, a cikin littattafanmu akwai awo biyu, na yawa da na kaso. Amma akwai na ukku da ba a cika rubutawa ba: wa ka ba da ɗiyanshi in abin ya zo." Na ce ya bar ni da littattafansa, kaina ciwo yake.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jakata ta fi ta zuwa sauƙi, kuma a Addis Ababa na zauna kusa da wasu mata suna ta lissafin ribar Salla, na juya musu ƙeya. Kwantena ta iso bayan dogon jira da wahalar tashar jirgin ruwa. Kwalina ɗaya tilo ya ƙare cikin 'yan kwanaki, na zauna a shago ina korar ƙuda ina kallon maƙwabta suna ciniki. Wannan shi ne amsar masu tambayar ina kaya.

Aka kira taron rabon a makarantar firamare ta Dogon Marke. Na je takanas daga Kano, na zauna a benci na baya tare da Lawal da Maigarinmu. Aka jera kayan a gaban allo, na kowane gari daban. Na Dogon Marke tsibi guda, har da kyamarorin da wayar ƙaya, don a gani kafin a kai su inda za a kai su. Na duba gefen Rafin Kuka na ga kwali biyu. Na ce ina uwar oba-oba?

Shugaban kwamitin ƙawancen ya ce ai an riga an kafa ta. Wai mai haɗa ta ya ce tana son wuri mai tsayi, kuma duk yankin ba ginin da ya kai benen gidan man Alhaji. Tunda a kan rufin Dogon Marke take, Dogon Marke ke gadinta da goge mata faifai, an sa ta a kason Dogon Marke.

Na miƙe. Na faɗi abin da ya faru a sito tun daga farko, da mayafaina, da tef, da komai. Na ce alkawari gwargwadon ƙarfi aka yi. Na ce a tambayi kowa a ɗakin nan, wane gida ne a Dogon Marke ya sayar da akuya don wannan abu? Shugaban ya bari na gama, ya ce Allah ya saka wa Hajiya da alheri, an ji, kuma ladanta yana wurin Allah. Wani daga gaba ya ce a yi haƙuri da ita, mata akwai zafin zuciya.

Sannan aka yanke hukunci. Sansanin sintiri a Dogon Marke, tunda su suka fi bayarwa kuma a nan mai yake. Daga nan za a riƙa kewayawa ko'ina, har mashigin rafi, in hali ya yi. Garin da kasonsa na kaya ya gaza kuwa, sai ya cike da mutane. Aka ce Rafin Kuka ta kawo samari takwas su zauna a sansanin. Dogon Marke, da yake ta yi ƙoƙari a kaya, huɗu sun isa.

Maigarinmu tsoho ne, ya sunkuyar da kai ya ce to. Me zai ce? In ya ƙi, a cire mu daga ƙawancen, mu zauna mu kaɗai da tocila a bakin daji. Cikin takwas ɗin da aka zaɓa har da Lawal, don shi ya fi kowa sanin hanyoyin tsallake, hanyoyin da ba za a tura shi ba.

Lokacin girbi ya kira ni a waya da hantsi. Ina jin ƙarar injin ba da mai a bayansa. Na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, an sa shi gadin ƙofar sito yau.

"Yaya, kayan nan naki akwai kyau," ya ce. "Ko ƙara ba ya yi. Ɗazu ina tsaye a nan na ji muryar Maigari tar, kamar yana gefena. Yana cewa an ga babura a tsallake, kada kowa ya haye rafi."

Na ce to an tura sintiri?

Ya ce an amsa masa an ce an ji, ana jiran Alhaji ya dawo daga Kano ya ba da izinin mai.

Na ce dawar fa?

Ya ce, "Daga kan benen nan in ka hau wajen eriyar ana hango ta, Yaya. Ta nuna sosai bana."